Gubar Abinci da Yadda A Ke Jiyyarta a Gida: Jawabi ga Hakimai da Malamansu



Maganar da ta tara mu yau ta shafi wata cuta wadda babu gidan da ba ta taɓa leƙawa ba, watau amai da gudawa da murɗar ciki da ke kama mutum bayan ya ci abinci ko ya sha abin sha da ya gurɓata. Likitoci suna ce da ita gubar abinci. Sunan nan yana ruɗa jama'a, domin da an ambaci guba sai hankali ya tafi ga wani mugu da ƙullin magani a hannunsa. To, a mafi yawan lokaci babu hannun kowa a ciki. Ƙazanta ce da zafin gari da jinkiri su ke haɗuwa su yi aikinsu a cikin tukunya.

Kada a raina ta. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa kowace shekara wajen mutum miliyan 600 ne su ke kwantawa saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuwa su ke mutuwa, kuma 125,000 daga cikin mamatan yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki ɗaukar wannan kaya. Duk da haka, galibin waɗanda cutar ta kama su kan warke a gida cikin kwana 2 ko 3 ba tare da allura ko ƙwaya ba, in dai an yi musu abu guda, wanda shi ne jigon jawabin nan, watau mayar musu da ruwan da jikinsu ke zubarwa.

Bari mu fara da yadda abinci ke lalacewa. Akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, suna nan a hannu, da ƙasa, da ƙafar ƙuda, da ɗanyen nama. Idan ɗaya ta faɗa cikin dafaffen abinci mai ɗumi, ta kan rabu biyu cikin minti 20, biyun su zama huɗu, haka har cikin sa'a 7 ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 2. Sanyin firiji yana hana su yaɗuwa, tafasa tana kashe su, amma abin da ke tsakani, watau ɗumin nan na tukunyar da aka sauke aka rufe aka ajiye a zaure, shi ne gonarsu. Don haka masana su ka ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye babu wuta babu sanyi. Ku dubi yadda mu ke yin biki. A ɗora tukwane tun asuba, a tuƙa tuwo, a dafa shinkafa buhu guda, a zuba a manyan robobi, baƙi ba za su ci ba sai bayan La'asar, ragowar kuma a raba wa maƙwabta da dare, yara su karya da ita da safe. A watan bazara wannan sa'a 20 ce ko fiye. Abincin kuwa ba lalle ne ya yi wari ko yauƙi ba. Hanci ba alƙali ba ne a wannan shari'a.

Wani zai ce, ai mu kan ɗumama. Ɗumame yana da amfani in an bar shi ya yi zafi har cikinsa, yana tururi, ba a ɗan nuna masa wuta a sauke ba. Sai dai akwai iri biyu na ƙwayoyin nan da ke zuba dafi a cikin abinci, dafin kuwa wuta ba ta kashe shi. Ɗaya ta fi son shinkafar da ta kwana. Ɗayar tana zaune a hanci da maruru da mikin hannun mai girki, daga nan ta ke shiga fura ko dambu ko duk abin da a ke cuɗawa da hannu. Waɗannan biyu su ne masu saurin kamu, cikin sa'a 1 zuwa 6 sai amai ya turnuƙe mutum, amma sau da yawa kafin kwana ɗaya ya cika sun sake shi. Wadda ke cikin babbar tukunyar nama da ta huce a hankali ta kan jira sa'a 6 zuwa 24, sa'an nan ta zo da murɗa da gudawa. Ta kaji da ƙwai da ba su dahu ba tana iya yin kwanaki kafin ta bayyana, kuma da zazzaɓi ta ke zuwa. Saboda haka abincin da mutum ya ci na ƙarshe ba lalle shi ne mai laifi ba. Malamai ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Abin sha ma haka ne, ko ma ya fi. Kunun aya ba ya jure zafi. Zoɓo da kunun zaƙi da fura lafiyarsu tana ga ruwan da aka dama su da shi, da ƙanƙarar da aka jefa, da gorar da aka tsinto aka ɗura. Ganyen lambu da a ke ci ɗanye, in an yi masa ban ruwa da ruwan kwata, sai an wanke shi sosai da ruwa mai tsabta. Dabbar da ta faɗi ciwo aka yi gaggawar sa mata wuƙa don kada a yi hasara, arharta tana da tsada.

Yanzu ga jiyya. Amai da gudawa hanya ce da jiki ke bi ya kori abin da ya shige shi, ba su ne ke kisa ba. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Babban mutum yana da ajiya, yana iya jurewa kwana ɗaya ko biyu. Jariri ba shi da ita, yana iya ƙafewa tsakanin hantsi da Magariba. Kuskuren da ya fi kowane yawa a gidajenmu shi ne a hana majiyyaci ruwa, wai don kada gudawar ta ƙaru. Wannan daidai ya ke da a ga randa tana yoyo a ce maganinta a daina zuba mata ruwa, alhali da ita gidan ke sha.

Maganin ba shi da tsada. A kowane asibiti da kantin magani akwai ƙunshin garin gishiri da sukari wanda a ke kira O.R.S. A juye ƙunshi ɗaya duka a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita 1, ruwan kuwa ya zama tafasasshe da ya huce ko wani mai tsabta. In babu ƙunshin, kada a zauna jira. A sami ruwa lita 1, watau ruwan leda 2 masu rabin lita, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, ba a tsiri ba, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a motsa har su narke. Mai haɗawa ya ɗanɗana. In gishirinsa ya fi na hawaye, a zubar a sake, domin gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaro. Abin da ya kwana ya wuni, watau ya cika sa'a 24, a zubar a haɗa sabo.

Me ya sa sai an haɗa su biyun? Wajen shekarar 1960 masana su ka gano cewa a bangon hanji akwai wata ƙofa wadda sukari da gishiri ke shiga tare, ruwa kuma ya bi bayansu, kuma ƙofar nan tana aiki ko da hanjin yana cikin gudawa. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da aka rasa, lemon kwalba kuwa sukarinsa ya yi yawa, sai ya jawo ruwa zuwa cikin hanji ya ƙara gudawar. An ga ƙarfin wannan haɗi a shekarar 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, sa'ad da kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a kan iyakar Indiya, ruwan ƙari na asibiti kuma ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan durom, dangin marasa lafiya suna ba su da kofi. Kafin haka wajen mutum 30 cikin 100 ke mutuwa. Bayan haka su ka koma ƙasa da 4 cikin 100. Ku lura, ba likitoci ne su ka riƙa bayarwa ba, iyaye ne da 'yan'uwa, irin waɗanda ke cikin kowane ƙauye na ƙasarku.

Yadda a ke bayarwa shi ma ilmi ne. Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa. Daga shekara 2 zuwa 10, rabin kofi zuwa kofi guda. Babba ya sha iyakar abin da ya ke so. Kada a ɗura, a bi da cokali ko kurɓi kaɗan kaɗan. In ya yi amai, a dakata minti 10, sa'an nan a ci gaba a hankali, cokali ɗaya kowane minti 2, domin ko yana amai wani abu yana zama. Aiki ne na haƙuri, uwa ɗaya ba za ta iya shi dare da rana ba, sai a karɓe ta. Mai shan nono kada a cire shi daga nono ko da sa'a ɗaya, a ƙara masa ma. Tun shekarar 2004 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya su ka ba da shawara a haɗa wa yara da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba. Tana rage tsawon gudawar, tana kuma kare yaro daga komowarta na 'yan watanni. A cika kwanakin ko da ya warke.

Game da abinci, ba a horon majiyyaci da yunwa. Da amai ya lafa a fara da koko ko kunu, sa'an nan fate, da tuwo mai laushi, da ayaba, da romon da ba shi da maiƙo. A ɗan jinkirta soye-soye da yaji. Yaro in ya tashi, a ƙara masa ci ɗaya bisa na kullum har mako 2 don ya mai da jikinsa. In cutar ta zo cikin watan azumi, malamanmu sun riga sun bayyana sauƙin da aka yi wa mara lafiya, kada kunya ta sa dattijo ya wuni yana gudawa ba ya shan ruwa.

Sai batun ƙwayoyi. Al'ada ta zama da ciki ya ɓaci a aiki yaro kanti ya sayo kafso ja da rawaya ko filajil, a haɗiyi biyu a bar sauran. Yawancin gubar abinci ba ta bukatarsu, dafin da ke cikin shinkafa bai san da su ba, shansu barkatai kuwa yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ran da a ke nemansa da gaske sai ya ƙi ci. Ƙwayar tsayar da gudawa ba a ba yara ita sam, babba ma kada ya sha in akwai jini ko zazzaɓi, gama kulle ƙofa ne ɓarawo yana ciki. Jiƙon kanwa da sassaƙe-sassaƙen wankin ciki su ma a ajiye su. Cikin da ke zuba ba ya bukatar a ƙara tura shi.

To, yaushe jiyyar gida ta ƙare? Wannan ita ce tambayar da na ke so kowane Dagaci da Mai Unguwa ya iya amsawa ba tare da ya duba takarda ba. In majiyyaci ya kasa sha, ko duk abin da ya sha ya dawo. In idanunsa sun zurma, bakinsa ya bushe, ya wuni bai yi fitsari ba. In an tsunkuli fatar cikinsa an saki ta ƙi komawa nan da nan. In yaro ya yi laƙwas ba ya kula da kowa, ko yana kuka babu hawaye, ko ya sanƙame. In akwai jini a bayan gida, watau atini, ko zazzaɓi mai zafi, ko an kwana 3 babu sauƙi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, asibiti, kuma a tafi da gorar ruwan gishiri da sukari ana ba shi a hanya. Jariri, da tsoho, da mai ciki, da mai ciwon sukari ko na ƙoda, su ba a jira musu alamu su taru. Akwai kuma maganar maɗiga. In ta faɗa ga jariri mai gudawa, mata su kan ce ciwon maɗiga ne, a kwaɓa magani a shafa a ka. Faɗawar maɗiga ƙishirwa ce ta kai matuƙa, maganinta ta baki ya ke shiga. Haka kuma kada a ce ai haƙori ne a zauna. Yaro mai fitar da haƙori yana ƙafewa kamar kowane yaro.

Gudawa fara mai yawa kamar ruwan wankin shinkafa, wadda ke zubowa babu murɗa ta kayar da ƙato cikin sa'o'i kaɗan, wannan a ɗauke ta kwalara ce har sai likita ya ce ba ita ba. Ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, a shekarar 2021 kuwa an lissafta fiye da mutum 100,000 da a ke zaton ta kama, fiye da 3,000 su ka rasu, jihohin Arewa ne kuma su ka fi jin jiki. Mutum ɗaya mai irin wannan alama ya isa a tashi manzo a ranar.

Akwai wani kashi dabam wanda ba a jiyyarsa a gida ko kaɗan, shi ne inda guba ta gaske ta shiga abinci. Mafi yawa maganin ƙwari ne da a ke zuba wa wake da hatsi don ajiya, irin su fiya-fiya da ƙwayar da a ke jefawa cikin buhu. Sauran irin wannan magani a jikin wake ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wakenmu a shekarar 2015, abin da baƙo ya ƙi kuwa mu ne mu ke ci. Alamarsa ba ta ɓuya. Jim kaɗan bayan ci sai dalala, da hawaye, da gumi, da rawar jiki, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi ya yi wuya, sau da yawa gida guda gaba ɗaya. Kada a tsaya ɗura manja ko madara, kada a sa yatsa a maƙogwaro, a nemi mota, a riƙa ragowar abincin da kwalbar maganin in an same ta, don likita ya san abin da ya ke yaƙi da shi. Rogo mai ɗaci da ba a fere an jiƙa kwanaki ba shi ma yana da dafi mai kisa, ya fi kuma kama yara a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A shekarar 2021 a Kano ɗaruruwan mutane su ka kwanta asibiti, waɗansu su ka rasu, bayan sun sha abin sha da aka haɗa da lalataccen garin lemo da ɗan tsami na kasuwa. Ga masu ajiyar wake, akwai buhu mai leda biyu a ciki wanda ke toshe iska, ƙwari su mutu da kansu ba tare da ɗigon magani ba. Ya kamata Sarkin Noma da Sarkin Kasuwa su ji wannan daga bakinku.

Na komo ga Malamai, kamar yadda na yi alkawari. Idan labari ya zo cewa mutane da yawa sun kwanta bayan walima ko suna ko cin abincin makaranta, a buɗe littafi tun kafin a manta. A rubuta kowane majiyyaci, da shekarunsa, da unguwarsa, da abin da ya ci da wanda ya sha cikin kwana 3 da su ka wuce, da sa'ar da ciwon ya fara, da irin alamunsa. A rubuta har waɗanda su ka halarta ba su kamu ba, da abin da su ka ci, domin da su ne a ke gane mai laifi. In duk wanda ya sha zoɓo ya kwanta, wanda ya ci shinkafa kaɗai kuwa yana tafiyarsa, an gama bincike. A hana zubar da ragowar, a hana kuma cinta, a aika wa jami'in lura da ɓarkewar cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ba a jira rahoton ƙarshen wata ba.

Takardar nan tana da wani amfani wanda ku Hakimai kun fi ni saninsa. Sau nawa a kan kawo ƙara gabanku, an ce kishiya ta sa wa ɗan kishiyarta guba, ko an ce wata tsohuwa ta kama kurwar yaro, ko matasa sun taru za su rushe rumfar mai abinci? Aure ya mutu a kan irin wannan, an kori mutane daga garinsu. Idan littafi ya nuna cewa yara 5 ne daga gidaje dabam dabam su ka ci daga roba ɗaya, su ka kamu a dare ɗaya, har da ɗan wadda a ke zargi, to, zargin ya faɗi da kansa. In kuwa alamun sun nuna guba ta gaske, wannan aikin likita ne da 'yan sanda, ba na taron ƙofar gida ba. Mai abincin ma a bi shi da adalci, a tura duba-gari ya ga ruwansa da tukwanensa, gama wanda ya san za a tozarta shi ɓoye ragowar zai yi.

Abu na ƙarshe shi ne kada cutar ta zagaye gida. Mai jiyya ta wanke hannu da sabulu bayan ta taɓa majiyyaci ko tsummansa, in babu sabulu toka ta fi babu. Kashin yaro a zuba shi a masai, ba a bayan ɗaki ba, domin yana ɗauke da cuta kamar na babba. Kwanon wanke hannu ɗaya da mutum 10 ke tsomawa kafin cin tuwo a bar shi, a riƙa zuba wa kowa da buta. Wanda ya warke kuwa, ko uwargida ce ko mai tuwon kasuwa, kada ya koma girka wa jama'a sai ya cika kwana 2 babu amai babu gudawa.

Jama'arku sun ga abin da sarakuna su ka yi a yaƙin shan-inna har aka tabbatar a shekarar 2020 cewa an raba Nijeriya da ita, don haka maganar lafiya daga fada ba baƙuwa ba ce gare su. Ina roƙon kowane Hakimi, a zaman da zai yi da Dagatansa na gaba, ya sa a kawo ruwan leda 2 da sukari da gishiri da ƙaramin cokali, Malami ya haɗa a gabansu, kowa ya ɗanɗana ya ji iyakar gishirin a harshensa, sa'an nan su koma su yi wa Masu Unguwanni da ungozomomi haka, kafin ruwan farko ya sauka.